La'adar Matar Ƙyalli

Shekara hamsin da uku Ƙyalli ya yi a duniya bai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗan Adam "biya ni kuɗina" ba. Ba wai yana da kuɗin da zai bar wa mutane ba ne, ba kuma waliyyi ba ne. Maganar ce kawai ba ta iya wuce maƙogwaronsa. Zai fito daga gida da ita a baki, ya yi ta bitarta a hanya, ya isa ƙofar wanda yake bi, su gaisa, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi ta tsofaffi, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara, sai kawai ya ji kansa yana cewa wucewa ya zo yi. Akwai ranar da ya je karɓar kuɗin keken da ya sayar wa ƙaninsa, ya dawo gida ya ranta wa ƙanin kuɗin faci.

Sunan Ƙyalli a banki ya samo shi. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin shara, ya shekara ashirin da ɗaya yana goge ƙasa ɗaya, har ta kai ma'aikata na gyara wuyan riga a cikin tayil in sun shigo da safe. Ya san sabulun da ke dushe dutse da wanda ke fito da shi, ya san tabon shayi daga tabon tawada ko da an kwana biyu. Mutane ma daga ƙasa yake karanta su. In ka ga ƙasa a jiƙe ka ɗage ƙafa ka bi gefe, kai ɗan halak ne ko da ka taɓa zama gidan yari. In ka ratsa tsakiya kana magana a waya, to ko manaja ne kai, Ƙyalli ya gama da kai a zuciyarsa. A zuciyar kawai, domin a fili sai ya ce maka sannu da zuwa.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa wannan bawan nasa da matar da unguwa ke kira Sammaci, a bayan idonta. Zanen gado take sayarwa, bashi, ga matan ofisoshi, a biya ƙarshen wata. Shekara ashirin tana wannan sana'a ba wadda ta taɓa cinye mata ko rigar filo. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, ba a taɓa jin ta kai ƙarar kowa ba. Filas ɗin shayi take ɗauka da saƙarta, ta je ƙofar mai bashi ta nemi wuri ta zauna. Duk wanda ya wuce ta gaishe shi, duk wanda ya tambaye ta me take jira ta gaya masa. Mafi taurin kai a tarihinta kwana huɗu ya yi.

Ita ce ta karɓo kuɗin keken, bayan shekara huɗu, har da na facin. Ita ce ta karɓo kuɗin adashen da wani masinja ya riƙe wa Ƙyalli, da kuɗin rediyon da maƙwabci ya ara ya sayar. Ƙyalli ya ci abinci da kuɗin nan duka, bai taɓa tura kwano gefe ba, amma kunya ta yi ta cin sa. Ƙaninsa ya yi shekara biyu ba ya gaishe shi. In ya ga matar ta wanke filas ta naɗe saƙa, sai ya ƙirƙiri wani aiki a can wani gefen gari. Bai taɓa zuwa ya ji abin da take faɗa a ƙofofin mutane ba. Ya dai ɗauka cin mutunci ne, ya kuma riƙe hakan a ransa kamar ya gani da idonsa.

Da bankin ya miƙa aikin shara ga 'yan kwangila, aka sallami Ƙyalli da kuɗin sallama da agogon bango mai tambarin banki. Wata biyu yana zaune a gida yana goge abin da ya riga ya goge, har yara suka fara tafiya da sanɗa a ɗakinsu. Sai ya ga tallar wani kamfanin tsabtace ofisoshi da ke ba mutane hayar sunansa. Ka biya kuɗin shiga, su ba ka riga mai tambarinsu, su ba ka injin goge ƙasa ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, su haɗa ka da kwastomomi. Kai ne mai sana'arka, amma da sunansu kake yawo.

Wanda ya yi masa bayani wani mutum ne mai kwat da turare, wanda ba ya gama jimla sai ya ce su duka iyali ɗaya ne. Ya yi ta zuba lissafi a kan farin allo, Ƙyalli na gyaɗa kai yana kallon wani tabon maiƙo a ƙarƙashin teburin. Sai Mai Kwat ya zo kan maganar da ta gama komai.

"Kuma kai ba ruwanka da tambayar kowa kuɗi. Mu za mu rubuta bil, mu za mu aika, mu za mu karɓo. Kai dai ka yi gugarka, ƙarshen wata ka ga kuɗi a asusunka."

Ƙyalli ya ɗago kai daga tabon. Ya ce a maimaita, aka maimaita. Da a ce a wannan lokacin an gaya masa sai ya haɗa da ƙodarsa ɗaya, da ya tambaya ta dama ko ta hagu.

Yarjejeniyar shafi arba'in da ɗaya ce. Ya kawo ta gida a cikin leda, matar ta ajiye zanen da take ninkewa ta miƙa hannu ta ce ya ba ta ta duba. Nan Ƙyalli ya yi abin da mai sanyin baki ke yi in ya samu wanda ba ya tsoro: ya sauke mata kunyar shekara ashirin a lokaci ɗaya. Ya ce wannan harkar kamfani ce, ba tallar zanen gado ba. Ya ce akwai ƙwararru masu kwamfuta da za su karɓo masa haƙƙinsa cikin mutunci, ba tare da an zubar masa da girma a ƙofar kowa ba. Ya ce kada ta kuskura ya ga filas ɗinta kusa da kwastomansa.

Ta dube shi, ta janye hannunta, ta ce, "To, Malam."

Duk wanda ya yi aure ya san irin wannan "to" ɗin, amma Ƙyalli yana cikin zumuɗi, sai ya ɗauka nasara ya yi. Washegari ya sa hannu a wuri tara da aka yi masa alama da fensir. Abin da ke tsakanin alamomin bai dame shi ba.

Injin da aka ba shi ƙato ne, mai faifai kamar murfin rijiya da doguwar waya ja. Giwa ya sa masa suna. In ya kunna shi ya riƙe hannayen, sai injin ya riƙa lilo dama da hagu yana gurnani, ƙasa na fitowa a bayansa kamar an zuba ruwa. Ƙyalli ya yi shekara ashirin da ɗaya yana goge ƙasa a durƙushe, ranar da ya fara yi a tsaye sai da ya yi ƙwalla, ya ce wa Dogo ƙura ce. Dogo da wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo su ne ma'aikatansa. Ba ya barin Giwa ta kwana a ofishin kowa. Gida yake kawo ta, ya ajiye a lungun falo, ya rufe ta da wani sabon zanen gado mai furanni da ya zaro daga kayan matar ba tare da ya tambaya ba. Ta gani.

Shekarar farko ta yi daɗi. Kwastomominsa huɗu ne: wani kantin magani, wata makarantar koyon tuƙi, shagon wani mai tabarau, sai babban kifin, wato Lauya. Ofishin Lauya hawa guda ne cur a wani dogon bene, ƙasarsa farin dutse, bangonsa littattafai masu jan baya waɗanda Ƙyalli ne kaɗai ke taɓa su, shi ma da tsumma. Kashi biyu cikin uku na aikinsa a nan yake. Sana'ar Lauya kuwa ita ce karɓo wa bankuna bashi daga hannun masu taurin kai, kuma an ce ya ƙware.

Kowane ƙarshen wata kamfani na aiko da takardar lissafi, doguwa mai layi-layi. Ƙyalli layin ƙarshe kawai yake dubawa, inda aka rubuta abin da ya rage masa, ya ninke ta ya tura ƙarƙashin katifa. Wani lokaci yakan bar ta a buɗe a kan tebur don matar ta ga aikin ƙwararru. Ita kuma takan ɗora kofi a kai.

Sai Lauya ya daina biya. Ba faɗa aka yi ba, ba a kuma ce aiki bai yi kyau ba. Ya dai lura ne cewa in bai biya ba babu abin da ke faruwa, kuma shi ya fi kowa sanin darajar wannan ilimi.

Takardar watan ta zo da wata 'yar sanda a kwance gaban lambar ƙarshe. Ƙyalli ya juya ta, ya ɗaga ta a haske, ya nuna wa mai kantin magani. Mai kantin ya ce masa wannan alama ce ta cewa shi ake bi. Ya kama hanyar ofishin kamfani.

Mai Kwat ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya bi layukan da bakin biro. Goma cikin ɗari kuɗin suna ne. Huɗu cikin ɗari kuɗin rubuta bil ne. Ga kuɗin inji na wata, ga na sabulun da dole a wurinsu zai saya. An tara, an cire daga abin da ƙananan kwastomomin uku suka biya, bai isa ba. Ƙyalli ya tattaro ƙarfin hali ya ce ai Lauya bai biya ba, ta yaya aka ciri kaso daga kuɗin da bai shigo ba?

"An rubuta masa bil ko ba a rubuta ba?"

"An rubuta."

"To ka gani. A kan abin da aka rubuta muke cirewa, ba a kan abin da ya shigo ba. Shafi na ashirin da uku. Ga ma hannunka a ƙasa."

Hannunsa ne kuwa, da 'yar lanƙwasar da yake yi a ƙarshe don ado. Ya tambaya to me ake yi don a karɓo kuɗin. Mai Kwat ya juyo masa da kwamfuta ya nuna masa saƙon tunatarwa da na'ura ke aikawa da kanta duk ranar goma ga wata. Saƙon ya fara da yi wa kwastoma fatan alheri, ya ƙare da hoton bokiti yana murmushi. Ƙyalli ya yi godiya. Kafin ya fita sai da ya durƙusa ya goge tabon maiƙon nan na ƙarƙashin tebur, wanda ya shekara yana jiran sa.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, duk safiyar da ya je ya goge ofishin Lauya, ƙara wa kansa bashi yake yi. Aiki ya zama bil, bil ya jawo kaso, kason ya hau kansa. In kuma ya ƙi zuwa, ya karya yarjejeniya. Wata na biyu ya zo da sanda da lamba mafi tsawo a bayanta. Goggo na da jikoki uku a gabanta, Dogo na da hayar ɗaki, kuma mutumin da ba ya iya tambayar kuɗi ba ya iya jure a tambaye shi. Ya sauke agogon banki ya sayar, ya haɗa da ɗan abin da ya rage na sallama, ya biya su albashi. Agogon ya bar da'ira mai haske a bango. Don ya ɓatar da sawu sai ya sa tsumma ya goge wurin, da'irar ta ƙara faɗi ta ƙara haske. Matar ta shigo ta ɗaga kai ta ga lokaci, ta ga bango, ta duba wayarta ta wuce.

Sai wasiƙar gargaɗi ta iso. In takardar wata ta fito da sanda sau uku a jere, kamfani na da ikon ɗauke inji ya miƙa kwastomomi ga wani. Shafi na talatin da ɗaya. Ƙyalli ya karanta a tsaye a falo, ya juya ya dubi Giwa a ƙarƙashin zanenta mai furanni. Ba injin kaɗai zai rasa ba. Kuɗin shekara ashirin da ɗaya na durƙuso ne a cikinsa, kuma a shekarunsa ba wanda zai sake ɗaukar sa aiki.

Ya gwada, a yi masa adalci. Ya sa rigarsa mai kyau ya tsaya har Lauya ya iso, ya bi shi ofis. Suka gaisa. Ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi mota. Lauya ya ce komai lafiya, ko akwai wani abu? Ƙyalli ya ce ya ga wani ɗan tabo ne a gilashin taga. Ya goge tabon ya fito.

Daga nan ya yi dabarar da ya ɗauka ba a taɓa yin irinta ba. Tunda bakinsa ba ya magana, ƙasa za ta yi masa. Da sassafe ya ja layi a tsakiyar ɗakin jiran baƙi, ya goge rabi har yana ɗaukar ido, ya bar ɗaya rabin da sawun takalman jiya. Duk wanda ya shigo zai tambaya, in aka tambaya kuwa zance zai fito. Ya naɗe wayar Giwa, ya sauka har bakin titi. A nan ya tsaya. Ya tuna akwai wani sawu mai laka daidai gaban kujerar baƙi. Ya yi taku goma ya sake tsayawa. Dogo na ta roƙon sa ya daure, amma ina. Kafin sakatariya ta iso Ƙyalli ya koma ya goge ɗaya rabin, ya ƙara bin na farkon don kada a ga bambanci. Ranar ofishin ya yi kyan da bai taɓa yi ba, har Lauya ya aiko a yaba masa.

Saura kwana bakwai wata ya ƙare, da la'asar, ya zaro yarjejeniyar da takardun lissafi daga ƙarƙashin katifa. Matar na falo tana ninke kaya tana duba ɗan littafinta na masu bashi. Ya zauna a gefen kujera. Ya tambaye ta ya gida, ya tambayi yara, waɗanda shi ya raka su bakin hanya da safe. Ya tambayi lafiyar mahaifiyarta. Ta amsa duka ɗaya bayan ɗaya, ba ta taimake shi da ko kalma ɗaya ba. Ya ji "wucewa na zo yi" na tahowa bakinsa, ya tuna a gidansa yake, babu inda zai wuce. Ya ajiye takardun a kan zanen da ke gabanta.

"Maman yara, ki duba min."

"Wannan ai harkar kamfani ce, Malam."

"Na sani. Ki duba min."

Ta bar shi a haka na ɗan lokaci, kuma ta cancanci wannan lokacin. Sannan ta sa tabarau ta ɗauki fensir. Yini biyu ta yi a kan shafi arba'in da ɗayan nan, tana bin layi da yatsa, inda Turancin ya yi kauri ta kira babbar 'yarsu a waya ta warware mata. Da ta gama ta kira shi ta buɗe shafi na ashirin da huɗu, wanda Mai Kwat bai kai ga nuna masa ba. Huɗu cikin ɗarin nan ladan rubutu ne kawai. Karɓowa kuɗinta daban: duk bil ɗin da ya wuce kwana casa'in, in an biya shi, kamfani zai ƙara cire sha biyar cikin ɗari, la'adar karɓo bashi, ko da wane ne ya sa aka biya. Bil ɗin Lauya na farko kuwa zai cika casa'in daidai ranar da takarda ta uku za ta fito.

"Mutumin da sai bashi ya tsufa zai ci la'ada, me zai sa ya yi sauri? Jira suke ya nuna. Su ɗauke injin, su sayar wa wani da kwastomominka, sannan su tashi ƙwararrun nasu su karɓo kuɗin su ci sha biyar."

Ƙyalli ya ce ai Mai Kwat ya ce iyali ɗaya suke. Ta ce shi da ƙaninsa ma iyali ɗaya ne. Ta ci gaba da cewa an hana shi rubuta bil da kansa, an hana shi karɓar kuɗi a hannu, in ya karɓa akwai tara. Ta rufe takardar ta cire tabarau, ta ce ta bi shafukan sau biyu ba ta ga inda aka hana matarsa zama a kan kujera ba. Ta tashi ta wanke filas.

Washegari Ƙyalli ya gama aikinsa a ofishin Lauya da niyyar ya sulale kafin ta iso. Ya tsaya goge wani maɓallin fitila, sai ya ji muryarta a kan matakala tana gaishe da mai gadi. Ba hanyar fita sai ta gabanta. Ya faɗa ɗan sito ɗin da ake ajiye bokitai, ya ja Giwa ciki, ya turo ƙofa ya bar 'yar kafa. A nan ya yi awa biyar a zaune kan bokiti a kife, yana jiran ya ji an zubar masa da mutunci.

Ta gaishe da sakatariya da sunan girmamawa, ta ce ba ta da sauri, ta zauna ta zaro saƙa. Baƙon farko wani ma'aikacin banki ne da jaka. Ta yi masa sannu da zuwa, ta ce ya yi hattara, ƙasar na da santsi.

"Mijina ne ya goge ta. Duba can wajen ƙafar teburin, inda ba mai dubawa, ko can ma ya bi. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki ban taɓa jin an ce ya ɗauki ko biro a teburin wani ba. Wata uku ke nan ba a biya shi a nan ba, amma ka ga aikin ya ragu?"

Mutumin ya duba ƙafar teburin. Ya ce bai ragu ba.

Haka ta yi da na biyu da na uku da na goma. Ba ta zagi Lauya ba, ta ma ce ta ji mutumin kirki ne, wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Maganar mijinta kawai take yi: yadda yake tashi tun kafin gari ya waye, yadda gwiwoyinsa suka yi kanta, yadda ya sayar da agogonsa ya biya wata tsohuwa albashi yana tsammanin ba ta sani ba. Wata mata daga cikin baƙin ta ce ko dai Ƙyalli ne na bankinsu na da? Suka yi rabin awa suna yabon sa tsakaninsu. Ƙyalli na cikin duhu tsakanin mofa da jarkokin sabulu, ya dafa hannun Giwa, hawaye na bin fuskarsa. Wannan ne abin da ya yi shekara ashirin yana gudu kada ya ji. Kunyar da ta kama shi ranar ta fi duk wadda ya taɓa ji, kuma wannan karon ya san wa ya zalunta.

Rana ta biyu Lauya ya fito da kansa, fuskarsa a murtuke, ya miƙa mata ambulan mai kauri. Ko ya san shafin da ya hana karɓar kuɗi a hannu, ko bai sani ba, Allah masani, amma lauya ne. Ta ce Allah ya ƙara arziki, ita ba ta taɓa kuɗin kamfani. Ta zaro 'yar takarda da lambar asusun kamfanin a rubuce da manyan baƙaƙe, ta ce in an tura a ba ta rasit ta gani da idonta, ba ta da sauri. Ta zuba shayi. Rana ta uku, wajen azahar, wasu manyan baƙi biyu daga wani banki suka fito daga ofishinsa suna tambayar sakatariya wai da gaske ne abin da matar nan ke faɗa. Kafin la'asar an biya wata uku cif, saura kwana biyu casa'in ta cika.

Mai Kwat ya bugo waya yana fara'a, ya ce ka gani ko, saƙonninmu na tunatarwa ba sa faɗuwa ƙasa banza. Ƙyalli ya ce haka ne, ya gode. Takardar wata ta fito babu sanda. Goman nan da huɗun nan an riga an cinye su tun tuni, ba wanda ya dawo da su, amma sha biyar ɗin ta kuɓuce musu, Giwa kuma ta ci gaba da kwana a lungunta.

Ranar da kuɗin suka shigo ya dawo gida da rana ya tarar da takarda a kan Giwa, an yago ta daga littafin masu bashi, da rubutun matar. Bil ne. Karɓo kuɗin Lauya, kyauta. Kuɗin keke da faci, kyauta. Adashe da rediyo, kyauta. Layi na ƙarshe ne kaɗai ke da farashi: zanen gado ɗaya mai furanni, wanda aka ɗauka ba a tambayi mai talla ba.

Ya karanta "mai talla" sau biyu. Ya ƙirga kuɗin zanen ya je ya same ta a ɗaki. Bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya ajiye kuɗin a gabanta ya ce maganar da ya faɗa ranar da ya kawo yarjejeniya ba daidai ba ce, ta yafe masa, kuma yana cikin sito ranar farko, ya ji komai.

"Na sani. Wayar injin ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofa."

Ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta rubuta rasit ta sa hannu. Idonta ya yi ja, ta ce tabarau ne. Sannan ta ce ta yafe, sai dai ban haƙurin ya wuce kwana casa'in da fiye da shekara, don haka akwai la'ada a kai. Agogon nan take so ya dawo bango.

Mai kayan gwanjon da ya saya ya ninka farashi, Ƙyalli kuma bai iya ciniki ba, sai ita ta raka shi da filas ɗinta. Har yau bai koyi cewa "biya ni" ba, kuma ba alamar zai koya. Takardar wata dai ta daina shiga ƙarƙashin katifa. Hannun matar take fara zuwa, ta bi ta layi-layi da fensir, shi kuma ya zauna kusa da ita yana zuba mata shayi. Agogon bai rufe da'irar da ya goge ba, har yanzu hasken na leƙowa ta gefensa, kuma ta hana a yi wa bangon fenti.